Idan Rumbun Kwamfuta Ya Cika: Bayani Kan Katin Da Ke Ƙara Mata Faifan Ajiya

Kowane manomi ya san ranar da rumbu ke cika alhali ga sauran dammuna jibge a gona. Ranar farin ciki ce, amma kuma ranar neman dabara ce, domin hatsin da aka bari a fili rabon gara ne da tsuntsaye. To, irin wannan rana ita ce ke riskar mutane da yawa a ƙasar nan waɗanda neman abincinsu ya ta'allaƙa ga na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Daga cikinsu akwai masu tace fina-finan Hausa, da masu ɗaukar hotunan biki da suna, da ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin, da asibitoci da makarantu masu ajiye bayanan jama'a, har da 'yan kasuwar da suka kafa kyamarorin tsaro a shagunansu.

Dalilin cikar ba ɓoyayye ba ne. Kyamarar zamani mai ɗaukar hoto irin wanda ake kira 4K takan ci kimanin gigabait 45 cikin awa ɗaya, idan tana ɗauka a kan megabit 100 cikin daƙiƙa. Ke nan faifan ajiya mai tarabait ɗaya ba zai ɗauki fiye da aikin awa 22 ba. Mai ɗaukar biki uku ko huɗu a mako ba ya buƙatar a yi masa dogon lissafi.

Idan faifai ya cika, abin da mutum kan fara yi shi ne ya sayo wani. Haka zai yi ta yi har ranar da zai kwance murfin kwamfutarsa ya tarar babu sauran wurin da zai soka waya. Babban allon da ke cikin kwamfuta, wanda makanikan na'ura ke kira madabod, yakan zo da bakin soka faifai huɗu ne ko shida, waɗansu ma biyu kacal. A nan ne ake neman wani ɗan kati, wanda sau da yawa bai fi tafin hannu ba, a soka shi a jikin allon domin ya ba da ƙarin bakuna. Katin yana da araha idan aka kwatanta shi da sayen sabuwar kwamfuta, ɗaura shi kuma ba ya ɗaukar rabin awa. Amma akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya damƙa masa amanar aikin shekaru, domin faɗin rumbu daban, tsaron abin da ke cikinsa kuma daban.

Asalin Al'amari

Faifan ajiya na farko a duniya kamfanin IBM ne ya fito da shi cikin shekarar 1956, a garin San Jose na jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, a ƙarƙashin jagorancin wani injiniya mai suna Reynold Johnson. An haɗa shi da wata kwamfuta da ake kira RAMAC 305. Faya-fayen ƙarfe 50 ne aka jera a kan sanda guda, kowanne faɗinsa inci 24, suna juyawa sau 1,200 cikin minti ɗaya. Nauyin injin ya kai tan guda, amma duk abin da yake iya riƙewa haruffa miliyan biyar ne, wato bai kai megabait huɗu ba. Hoto ɗaya na wayar hannu ta yau ya isa ya cika shi.

Cikin shekarar 1980 ne kamfanin da aka san shi yau da suna Seagate ya fito da faifai mai suna ST-506, wanda faɗinsa inci biyar da kwata ne, yana kuma ɗaukar megabait biyar. Shi ne ya buɗe ƙofar sa faifai a ƙananan kwamfutoci. Shekara guda bayan haka, wato 1981, IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur, ya kuma bar gurabu biyar a jikin allonta domin duk wanda ke so ya soka katin da zai ƙara mata wani aiki. Wannan shawara ta barin gurbi ita ce tushen duk abin da ake magana a kai a yau. Da aka fito da samfurin XT cikin 1983, mai gurabu takwas da faifai na megabait goma, kati ne ke sarrafa faifan. A wancan zamani babu yadda za a yi faifai ya yi magana da kwamfuta sai ta hannun kati. Har ma cikin 1985 wani kamfani mai suna Plus Development ya manna faifan kansa a jikin kati, ya sa masa suna Hardcard.

Daga shekarar 1986 sai aka sami tsari biyu. Na farko shi ne SCSI, wanda kati ɗaya ke iya jan na'urori bakwai a jere, aka fi amfani da shi a manyan ofisoshi. Na biyu shi ne IDE, wanda ya mayar da ƙwaƙwalwar sarrafawa jikin faifan kansa. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfuta kafin shekarar 2005 zai tuna da wata faffaɗar waya mai kama da ɗamara, mai ƙusoshi 40, wadda ke ɗaukar faifai biyu. Alluna kan zo da baki biyu, saboda haka faifai huɗu ne iyaka. Cikin 2003 aka maye gurbinta da siririyar waya mai suna SATA, wadda kowane faifai ke da tasa shi kaɗai. A wannan shekarar ce kuma aka kafa ƙa'idar gurbin da ake kira PCI Express. Waɗannan biyu, SATA da PCI Express, su ne katin yau ke haɗawa.

Ire-iren Katin

Aikin katin mai sauƙin fahimta ne. Ƙasansa yana shiga gurbin PCI Express, samansa kuma yana da bakunan soka wayoyin faifai. A tsakiya akwai wani ɗan guntun ƙwaƙwalwa wanda ke tafinta tsakanin ɓangarorin biyu. Ingancin kati yana ga wannan guntu, ba ga launin kwalinsa ko sunan da aka buga a kai ba, saboda haka mai saye ya nemi sanin wane guntu ne a jiki.

Iri na farko shi ne katin SATA zalla, mai baki biyu zuwa shida. Guntayen da aka fi samu a jikinsa na kamfanonin ASMedia da JMicron da Marvell ne. Alal misali, guntun ASM1061 baki biyu yake ɗauka, ASM1166 kuwa shida. Yawanci ba sa buƙatar wata manhaja ta musamman, da an soka sai aiki. Wannan shi ya dace da mai ƙaramin shago wanda ke son ƙarin faifai biyu ko huɗu.

Iri na biyu shi ne katin da aka ƙera domin manyan kwamfutocin ofis, wanda ake kira HBA. Mafi shahara su ne na kamfanin LSI, wanda kamfanin Avago ya saya cikin 2014, daga baya kuma ya koma amsa sunan Broadcom. Samfurin 9211-8i, alal misali, baki biyu ne a jikinsa, amma kowane baki waya ɗaya ce ke fita daga gare shi ta rabu gida huɗu, ya zama faifai takwas ke nan. Irin wannan kati yana jan faifan SATA, yana kuma jan wani iri na manyan ofisoshi da ake kira SAS. Abin lura a nan shi ne katin SATA zalla ba ya jan faifan SAS, kuma mutane da yawa sun sayi tsohon faifan SAS saboda arha, suka je gida suka tarar ba ya ko shiga wayarsu.

Iri na uku shi ne katin RAID, wanda ke haɗa faya-faye da yawa da kansa ya nuna wa kwamfuta su tamkar guda ɗaya. Ya fi sauran tsada, za a kuma dawo kansa nan gaba.

Akwai kuma wani iri da ya kamata a yi hattara da shi. Shi ne kati mai araha wanda aka jera wa baki goma ko goma sha shida ko ashirin, alhali guntun da ke jikinsa baki huɗu ko shida kaɗai yake da su. Dabarar da aka yi ita ce an sa waɗansu ƙananan guntaye masu raba baki ɗaya gida biyar. Faya-fayen da ke kan baki ɗaya sai su riƙa jiran juna, kuma idan ɗaya ya sami matsala yakan iya riƙe sauran. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Lissafin Hanya

Gurbin PCI Express kamar titi yake, mai layi ɗaya ko huɗu ko takwas ko goma sha shida. Shi ya sa ake ganin waɗansu gurabun gajeru, waɗansu dogaye. Ƙaramin kati yana shiga babban gurbi ya yi aiki lafiya lau. Yawan kayan da kowane layi ke ɗauka kuma ya danganta ga zubin gurbin. A zubi na farko layi ɗaya na ɗaukar megabait 250 cikin daƙiƙa. A zubi na biyu, na shekarar 2007, yana ɗaukar 500. A na uku, na 2010, ya kusa 1,000. A na huɗu, na 2017, ya kusa 2,000.

Faifai mai juyawa na yau, wanda ke kewayawa sau 5,400 ko 7,200 cikin minti, yakan kawo megabait 150 zuwa 250 cikin daƙiƙa. To, a ɗauka mutum ya sayi kati mai layi ɗaya na zubi na biyu, ya rataya masa faifai huɗu masu gudun 200 kowanne. Idan dukansu suka tashi aiki a lokaci guda, suna neman hanyar 800 ne, alhali 500 ce ake da ita, sai kowanne ya tsira da 125. Ga wanda ke ajiye tsofaffin hotuna yana buɗe su jefi-jefi, wannan ba abin damuwa ba ne, domin da wuya faifai huɗu su motsa tare. Amma ga mai tace fim wanda ke jawo hotuna daga faya-faye da yawa lokaci guda, aikinsa zai riƙa sarƙewa. Idan kuwa faifan SSD ne, wanda ba ya juyawa, guda ɗaya tal yana iya kaiwa 550, ya cinye layin duka.

Har ila yau, kafin a sayi kati yana da kyau a duba littafin allon. A waɗansu alluna, idan aka soka ƙaramin faifan nan mai kama da tsinken cingam, wanda ake kira M.2, sai baki ɗaya ko biyu na SATA su daina aiki, domin hanya ɗaya suke rabawa. Mutum yakan ɗauka bakin ya lalace ne, alhali lafiyarsa ƙalau.

Wuta Da Iska Da Wurin Zama

Kati yana ba da hanyar saƙo ne kawai, ba ya ba faifai wutar lantarki. Wutar daga akwatin rarraba wuta na cikin kwamfuta take fitowa, wanda a kasuwa ake kira fawa fak. Babban faifai mai inci uku da rabi yakan ci wat biyar zuwa goma idan yana aiki, amma a daƙiƙun farko da yake tayar da injinsa yakan ja kimanin wat 25. Faifai takwas da suka tashi tare suna neman wat 200 ke nan a lokaci guda, ban da abin da sauran kayan kwamfutar ke ci. Idan akwatin wutar ba shi da ƙarfi, sai a ga kwamfuta tana mutuwa da an kunna ta, ko kuwa faifai ya riƙa ɓacewa yana dawowa. Katunan HBA da na RAID masu kyau suna iya tayar da faya-faye ɗaya bayan ɗaya domin rage wannan nauyi.

Sa'an nan kuma a guji rataya faya-faye da yawa a kan waya ɗaya ta hanyar 'yan wayoyin nan masu raba wuta. Marasa inganci daga cikinsu sukan yi zafi har su narke. Haka nan, akwatunan wuta masu wayoyin cirewa ba a musayar wayoyinsu, domin ko da bakin ya shiga, jerin ƙusoshin kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma kuskure ɗaya a nan yana ƙona faya-faye duka nan take.

Batun zafi kuwa ya fi shafar mazauna wannan yanki. Galibin masu ƙera faifai sun sa iyakar zafinsa a digiri 60 na ma'aunin Salshiyos, masana kuma sun fi son kada ya wuce 45. A watannin bazara, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, zafin gari kansa yakan haura digiri 40 tun kafin a kunna na'ura. Saboda haka dole a sa fanka tana busa faya-fayen kai tsaye, a kuma bar sarari tsakaninsu. Katin HBA shi ma an ƙera shi ne domin akwatunan da iska ke ratsawa da ƙarfi, don haka a kwamfutar gida yana bukatar ƙaramar fanka tasa. Da hunturu kuma ƙura kan toshe ragar iska, sai an riƙa kaɗe ta a kai a kai.

Ɗaukewar wuta ita ce babbar abokiyar gaba. Idan aka ɗauke wuta faifai yana tsakiyar rubutu, abin da ake rubutawa na iya lalacewa, kuma ɓarnar ta fi yawa idan faya-fayen a haɗe suke. Na'urar riƙe wuta ta UPS, ko inbata, ba kayan ƙawa ba ce ga mai faifai da yawa. Ko ba komai za ta ba shi 'yan mintocin da zai rufe aikinsa cikin natsuwa kafin a tayar da janareta.

Daɗin daɗawa, a duba ko akwatin kwamfutar na da wurin zaman faya-fayen. Ƙananan kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sau da yawa wurin faifai ɗaya ko biyu ne a cikinsu, kuma gajeren ƙarfen kati kaɗai ke shiga bayansu. Barin faifai yana reto a jikin waya, ko ɗora shi a kan ɗan'uwansa ba tare da noti ba, yana jawo girgizar da ke rage masa kwana.

Yadda Ake Ɗaurawa

Da farko a kwafe duk wani abu mai muhimmanci zuwa wani wuri dabam. Sai a kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu domin ragowar wuta ta fita. A taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kati, musamman da hunturu lokacin da jikin mutum ke tara lantarki. A cire marufin ƙarfe da ke bayan gurbin, a saita katin, a danna shi a miƙe har ya zauna, a ɗaure shi da noti. Kowane faifai a ɗaure shi a mazauninsa, a ba shi waya biyu, ta saƙo mai ƙusoshi bakwai da ta wuta mai goma sha biyar. Faifan da kwamfuta ke tashi da shi a bar shi a bakin allo, domin ba kowane kati ne ke iya tayar da kwamfuta ba. Yana da amfani ƙwarai a rubuta lambar kowane faifai a manna a inda ido zai gani, saboda ranar da ɗaya zai lalace a san wanda za a zare.

Bayan an kunna, sabon faifai ba zai bayyana ba sai an shiga sashen sarrafa faya-faye an tsara shi. A nan kwamfuta za ta tambaya ko tsarin MBR ake so ko GPT. Tsohon tsarin MBR ba ya ganin abin da ya wuce tarabait biyu, saboda haka GPT za a zaɓa. Wannan shi ne mataki mafi haɗari, domin wanda ya nuna tsohon faifansa bisa kuskure ya share aikinsa da hannunsa. Kada kuma mutum ya zargi ɗan kasuwa idan ya ga faifan tarabait ɗaya ya nuna gigabait 931. Masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirge, Windows kuwa da 1,024, bambancin ke nan.

Yawan Faifai, Yawan Haɗari

Duk faifai mai juyawa wata rana zai tsaya. Wani kamfanin ajiyar bayanai na Amurka mai suna Backblaze, wanda ya daɗe yana buga alkaluman faya-fayensa, ya nuna cewa a 'yan shekarun nan kashi ɗaya zuwa biyu cikin 100 ne ke lalacewa kowace shekara. Adadin ƙarami ne ga mai faifai ɗaya. Amma idan aka ɗauki kashi biyu, mai faifai takwas yana fuskantar kusan kashi 15 cikin 100 na yiwuwar rasa aƙalla ɗaya a shekara, kuma su waɗancan alkaluma daga ɗakuna masu sanyi da tsayayyiyar wuta aka samo su. Faifai yana da wani tsarin duba lafiyar kansa da ake kira SMART, wanda ya kamata a riƙa leƙawa. Sai dai binciken da injiniyoyin Google suka buga cikin 2007 ya gano cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na faya-fayen da suka mutu ba su nuna wata alama ba tukuna.

Domin maganin wannan ne waɗansu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka buga wata takarda cikin 1988 wadda ta yaɗa sunan RAID. Manufar ita ce a haɗa ƙananan faya-faye su riƙa rufa wa juna asiri. A ɗauka mutum na da faifai huɗu masu tarabait huɗu-huɗu. A tsarin RAID 0 zai sami tarabait 16 da gudu mai yawa, amma da ɗaya ya mutu komai ya tafi, domin kowane fayil an yayyanka shi an rarraba. A tsarin madubi, inda kowane faifai ke da abokin da ke kwaikwayonsa, zai sami takwas. A RAID 5 zai sami 12, kuma zai jure mutuwar faifai ɗaya. A RAID 6 zai sami takwas, ya jure mutuwar kowane biyu.

Wannan haɗi ana iya barin katin RAID ya yi shi, ana kuma iya ba manhaja. Illar barin kati ita ce idan shi katin ya ƙone, sau da yawa sai an samo irinsa kafin a iya karanta faya-fayen, abin da ba lalle ne ya samu cikin sauƙi ba. Shi ya sa da yawa daga masana yanzu suka fi son kati ya miƙa faya-fayen kawai yadda suke, manhaja ta yi haɗin, kamar Storage Spaces da ta zo da Windows 8 cikin 2012, ko ZFS da kamfanin Sun Microsystems ya fito da ita cikin 2005. Ta haka ko wane kati aka samu zai iya maye gurbin wanda ya mutu. Mai niyyar yin haɗi kuma ya tabbatar faya-fayensa masu tsarin rubutu na CMR ne, domin masu tsarin SMR sukan yi nauyi ƙwarai wajen sake gina haɗi bayan an canja faifai.

Darasi Daga Waɗanda Suka Gani

Duk da haka, RAID mutuwar faifai kaɗai yake karewa. Abin da aka share bisa kuskure, nan take yake sharuwa a dukan faya-fayen. Haka nan ƙwayar cutar kwamfuta mai kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa, da tsawa, da gobara, da ambaliya, da ɓarawo, duk ba ruwansu da yawan faya-fayen da ke cikin akwati ɗaya.

Cikin shekarar 1998, a kamfanin fina-finan zane na Pixar da ke Amurka, wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya share mafi yawan aikin fim ɗin Toy Story 2. Da aka koma ga kaset-kaset ɗin da ake kwafe aiki a kansu, sai aka tarar sun daɗe ba sa kwafewa daidai ba tare da kowa ya lura ba. Abin da ya ceci aikin shi ne wata babbar ma'aikaciya da ta haihu tana aiki daga gida, wadda ke da kwafin fim ɗin a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar cikin barguna aka kawo ta ofis a mota. Haka kuma cikin watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa, kuma waɗansu abokan hulɗarsa da kwafinsu ke wuri ɗaya da ainihin bayanan sun rasa duka biyun. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yaɗa wata ƙa'ida da ake kira uku, biyu, ɗaya. Ma'anarta ita ce kowane abu mai daraja a riƙe kwafinsa uku, a kan irin ma'aji biyu mabambanta, ɗaya daga ciki kuma a ajiye shi a wani gini dabam. Ga mai shagon hoto, wannan na iya zama aikin da ke cikin kwamfuta, da kwafi a faifan waje wanda ake zarewa bayan an gama, da wani faifan da ake kaiwa gida duk ƙarshen mako, ko kuma ajiya ta intanet ga mai hali. Lokaci-lokaci kuma a buɗe kwafin a tabbatar yana karantuwa, domin darasin Pixar ke nan.

A Kasuwa

Ana samun waɗannan katuna da faya-faye a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas, da Banex Plaza a Abuja, da shagunan kayan kwamfuta na Kano da Kaduna. Kamfanoni uku ne kacal suka rage a duniya masu ƙera faifai mai juyawa, wato Seagate da Western Digital da Toshiba, saboda haka abin da ya taɓa masana'antunsu yakan taɓa aljihun kowa, kamar yadda aka gani cikin 2011 lokacin da ambaliyar ƙasar Tailan ta sa farashi ya yi tashin gwauron zabo. Mai sayen faifai na hannu ya nemi a jona shi a gabansa a duba bayanan SMART, musamman awoyin da ya yi yana aiki da adadin wuraren da suka lalace a jikinsa. Mai sayen kati kuma ya nemi sharaɗin mayarwa idan bai dace da kwamfutarsa ba.

Ya kuma kamata mutum ya tambayi kansa ko katin ma yake bukata. Girman faifai ya ƙaru ainun, har cikin 2024 Seagate ya ba da sanarwar faifai mai tarabait 30. Sau da yawa manyan faya-faye biyu, ɗaya na aiki ɗaya na kwafi, sun fi ƙanana shida sauƙin wuta da zafi da kulawa. Inda kuwa aiki ya yi yawan da ba makawa sai an ƙara bakuna, to katin abin dogara ne matuƙar an zaɓe shi da ilimi, an ba shi wuta da iska, an kuma ware wani kaso na kuɗin domin faifan da zai kwana a wani gida. Hotunan auren mutane, da muryoyin malamai da aka naɗa, da bayanan marasa lafiya, amana ce a hannun mai ajiye su, kuma ba a sayo su a kasuwa idan sun salwanta.